Sallamar da Na Yi wa Yaya Habibu a Rediyo

Shekara talatin da takwas ke nan cur, a wannan makon, da rasuwar yayana Injiniya Habibu a bayan birnin Riyad. Mutanenmu na Funtuwa sun san hatsarin jirgin sama ne ya yi ajalinsa, kuma yawancinsu har gobe zato suke irin jirgin alhazai ne. Ba shi ba ne. Wani siririn jirgi ne marar inji, mai dogayen fukafukai, na mutum ɗaya, wanda Turawa ke kira gilaida. Karo ya yi da wani irinsa a sama da yammacin wata Juma'a, ina tsaye a ƙasa ina kallo, rediyon da ake magana da su yana hannuna. Ni na riga su biyun ganin abin da zai faru. Yadda na yi da wannan ganin ban taɓa faɗa wa kowa ba sai bana, kuma shi zan faɗa a nan.

Sai an san matsayinsa a wurina za a gane sauran. Mahaifinmu ya rasu ina ɗan shekara bakwai, shi kuwa Yaya ya ba ni shekara goma sha biyar, don haka a hannunsa na tashi. Ban taɓa zama a kujera yana zaune a ɗakin ba, ban taɓa haɗa ido da shi da gangan ba, sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakina ba. Ko yanzu da nake rubuta shi sai da hannuna ya yi nauyi. Ba wai mutum ne mai zafi ba. Barkwancinsa ya fi na kowa a gidanmu, kuma shi da kansa yakan tsokane ni ya ce ladabina ya yi masa yawa, in rage masa ko rabi ne. Ni dai haka aka gina ni, kuma ina alfahari da hakan a lokacin.

Injiniyan ruwa ne. A Ingila ya yi karatu, a can kuma ya kwaso wannan jaraba ta tashi sama ba inji. A farkon shekarun 1980 wani kamfani mai shimfiɗa bututun ruwa ya ɗauke shi aiki a Riyad, bayan shekara biyu ya samo mini gurbi a wani asibiti, ni likitan da ke sa majiyyaci barci a ɗakin tiyata. Yana zaune a unguwar Ulaisha, a hawa na biyu na wani tsohon bene, shi da matarsa Yaya Rabi da 'yan matansu biyu. A can nake cin tuwo duk ranar Alhamis, da kukar da ake sayo mata a wurin mutanenmu na unguwar Manfuha. Yaya Rabi abokiyar wasata ce kamar yadda aka saba tsakanin matar wa da ƙanin miji, ba ta kirana da komai sai "Likita bokan Turai", kuma ba ta gajiya da tambayata ko na samo Balarabiyar da za ta yarda da ni.

Ranar Juma'a ce ta jirgi. Su wajen goma ne, kusan duk Turawan kamfanin, sai Yaya shi kaɗai baƙar fata. Suna da jirage uku a wata gonar dabino da ke yamma da gari, tafiyar awa guda, a gindin dogon dutsen Tuwaiƙ. Gonar ta wani dattijon Balarabe ce mai faɗa a ji, wanda ya ba su fili suka share. Ban san irin takardar izinin da suke da ita ba, ban kuma tambaya ba, don a Riyad ta wancan zamani mai zaman iƙama, wato takardar izinin zaman baƙo, ba ya yawan tambaya. Wata tsohuwar motar Amurka ce ke jan jirgin da doguwar waya, ta kwasa a guje har ya ɗaga, in ya kai iyakar wayar sai matuƙin ya sake ta. Daga nan babu komai sai shi da iska.

Tambayar da na fara yi masa ita ce wadda duk wanda ya ji labarin ke yi mini har yau: duk faɗin sararin hamada, ta yaya jirage uku tak za su rasa wurin wucewa? Ya ce ai faɗin ba shi da amfani. Jirgin da ba shi da inji kullum sauka yake yi a hankali, sai fa in ya sami inda rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi tana tashi sama kamar hayaƙin murhu. In ya same ta sai ya kwanta a gefe ya yi ta kewayawa a cikinta, tana ɗaga shi. Wannan iskar ba a ganinta da ido, faɗinta kuma bai fi filin ƙwallo ba. To duk wanda ya hango wani yana kewaye yana hawa, ya san an samu, sai ya nufo wurin. Shi ya sa sararin zai zama wayam ko'ina, amma jiragen duk suna cunkushe a wuri ɗaya, farare tas a cikin farin hazo, kuma ba mai jin ƙarar wani domin babu ƙarar.

Akwai dokoki, kuma Yaya ya riƙe su kamar farillan alwala. Wanda ya fara shiga iskar shi ke zaɓar gefen da za a kewaya, duk wanda ya zo daga baya dole ya bi shi. Mai shigowa ya tsaya a ɗaya ɓangaren da'irar, inda za su riƙa ganin juna. Kada ka zauna a bayan mutum, kada ka zauna a ƙarƙashin cikinsa, don a nan ba shi da ido. In ka nemi wanda kuke tare ka rasa, ka miƙe ka fita, ko da iskar ta fi zuma daɗi. In kun fuskanci juna kowa ya karya dama. Wuyansa ba ya hutawa a sama, kullum yana waige. Ba ya sa hular rana mai baki, sai 'yar farar taƙiyya irin ta salla, wai bakin hula yana cinye masa rabin sama. Turawan sun yi ta dariya, daga baya kuma na ga uku daga cikinsu sun je kasuwar Dira sun sayo tasu.

Akwai magana ɗaya tasa da har yau takan tsaya mini a rai in ina tuƙi. Ya ce jirgin da ka ga yana gilmawa a gilashinka ba shi ne abin tsoro ba, wannan wucewa zai yi. Wanda ya tsaya cak a wuri ɗaya kamar kashin ƙuda, ba ya dama ba ya hagu, sai dai ƙara girma, shi ne naka. Kuma ido ba ya son abin da ba ya motsi, sai ya tsallake shi.

Sau ɗaya tak na hau. Ɗaya daga cikin jiragen na mutum biyu ne, ya sa ni a gaba shi yana baya, ya ce aikina kawai in duba, in na ga jirgi in faɗa. Muna cikin kewayawa, sai na hango wani fari ta hagu. Na gan shi sarai. Sai na ce a raina ai Yaya ya gani, mutumin da ya shekara goma sha yana wannan abu, wane ni in nuna masa hanya. Na ja bakina na yi shiru. Ɗigon ya yi ta girma, sai kawai na ji an fizge mu dama da ƙarfi, jirgin ya wuce ta gefenmu har na ga jan gemun mutumin da ke ciki.

Da muka sauka bai yi faɗa ba. Ya jira Turawan suka matsa, sannan ya ce, "Sani, ka gan shi?" Na ce na gan shi, Yaya. Ya ce tun yaushe? Na sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "A ƙasa ni yayanka ne, ban hana ka ba. A sama ni mutum ne mai ido biyu rak, duka a gaba. In ka ga jirgi ka daka mini tsawa. Kada ka gaishe ni, kada ka ba ni haƙuri. Dama, ko hagu, khalas."

A hanyar komawa gida ya ce sai na gwada. Yana tuƙi, ya ce in yi masa tsawa in ce hagu. Na buɗe baki, abin da ya fito ko kaza ba zai kora ba. Ya ce in sake. Na sake, dariya ta kama ni. Da muka isa Ulaisha ya ba Yaya Rabi labari, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai in ana neman wanda zai yi wa Injiniya tsawa sai dai a ɗauko haya daga wani gida. Ni ma ina ta dariya. Sai daga baya na tuna cewa shi tun a mota ya daina.

Ban sake hawa ba, don amai ya hana ni. Sai suka ba ni aikin ƙasa: in tsaya a bakin fili da rediyon hannu da tabarau mai jawo nesa, in riƙa lura da jiragen, in na ga biyu sun matsi juna in yi magana. Suka ce aikin ya dace da ni, tunda sana'ata ma zama ce a gefe ana sa ido. Kuma na iya aikin, wannan ba yabon kai ba ne. Na sha daka wa Turawan tsawa da Turanci, in kira sunan mutum gatsau in ce ya karya dama, ya karya, in ya sauko ya yi mini godiya. Ko gezau ban taɓa ji ba, Bature ba yayana ba ne. Yaya kuwa bai taɓa ba ni dalilin yi masa magana ba, saboda ya fi su duka kula. Haka muka yi shekara guda da wani abu, ni da shi duka muna zaton an wuce wurin.

Akwai wani abu game da Juma'ar tamu da ban lura da haɗarinsa ba sai da aka gama. Turawan suna fara tashi tun kafin azahar, lokacin da iska mai ɗagawa take ko'ina. Mu kuwa sai mun sallaci Juma'a a gari, mu ci abinci a mota, mu isa gonar la'asar ta kawo jiki. A lokacin ƙasa ta fara hucewa, wuri ɗaya ne ya rage mai ɗagawa, wasu baƙaƙen duwatsu a ƙarshen gonar da ke riƙe zafi. Duk wanda bai sauko ba can zai nufa. Rana kuma ta sunkuyo yamma, tana dukan ido kai tsaye a rabin kowace da'ira. Yaya bai taɓa tunanin barin Juma'a don jirgi ba, ni ma ban ce ya kamata ba. Amma sakamakon shi ne kullum shi ke shiga sama a sa'ar da ta fi kowace matsi.

A ƙarshen sanyin shekarar hazo ya yi yawa. Mako biyu kafin ranar, Turawa biyu suka kusa gogar juna a kan duwatsun nan, suka sauko suna zage-zage, kowa na cewa ɗayan ne ya shigo ta inda bai dace ba. Yaya ya raba su, ya ce daga yau kada a wuce jirgi biyu a wurin. Aka yarda. A mota ya ce mini shi biyun ma ba su kwanta masa ba, sannan ya kunna karatun Alƙur'ani.

Ranar da abin ya faru Yaya Rabi ta biyo mu, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Ta bar yaran a wurin maƙwabta, ta zo da shayi a fulas, ta tafi can ƙarƙashin dabino nesa da maza ta shimfiɗa darduma. Aka ja Yaya ya tashi. Mutum ɗaya ne ya rage a sama, wani Bajamushe mai auna ƙasa, wanda ya yi nisa kudu tun rana tsaka, har na manta da shi. Yaya ya isa kan duwatsun ya fara kewayawa, yana hawa a hankali. Na sauke tabarau na goge ido. Da na mayar, sai na ga jirgin Bajamushen ya dawo, yana gangarowa daga sama ta bayan Yaya, ya nufi iskar nan shi ma. Hancin jirginsa ya rufe masa abin da ke ƙasa. Yaya kuma yana hawowa, abin yana bayansa ta sama, inda ba wuyan da ke juyawa ya kai. Duk duniya ni kaɗai nake ganin su biyun, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana rufewa.

Da Bajamushen na kira, da na yi masa tsawa kamar kullum. Amma zuciyata ta tafi wurin nawa. Na danna rediyo, sai na ji bakina yana cewa da Hausa, "Salamu alaikum Yaya, don Allah ka yi haƙuri, ina ganin kamar akwai..." Na ɗaga yatsa in haɗiyi yawu. A wannan 'yar tazarar muryarsa ta shigo, a natse, irin yadda yake amsa mini in na shigo falo: "Wa alaikumus salam, Sani." Mutumin da ya ce kada in gaishe shi, da aka yi masa sallama bai iya ƙin amsawa ba.

Na yi ihun "Hagu!" bayan nan, da dukan ƙarfina, amma fiffiken Bajamushen ya riga ya sare wutsiyar jirgin Yaya. Na ga fararen ɓaraguzai suna watsuwa ba sauti, sai daga baya ƙarar ta iso, ƙarama, kamar an karya kara. Bajamushen ya yi tsalle da lema, ya karye a ƙugu, ya rayu. Jirgin Yaya ya kifa kai ƙasa yana juyawa. Na ga murfin gilashin ya fita, alamar yana ƙoƙarin fitowa, amma ƙasa ta yi kusa. Ni na fara isa wurin, ni ne likita, kuma babu abin da ya rage na likita.

'Yan shurɗa, wato 'yan sandan can, suka zo kafin magariba. Bajamushen ya shaida musu cewa ya ji ana magana a rediyo da wani harshe da bai sani ba. Jami'in ya juyo gare ni, na ce gargaɗi nake yi wa ɗan'uwana. Ya rubuta, ya dafa kafaɗata, ya ce ƙaddarar Allah ce. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya ba. Aka rufe filin, aka mayar da jirgin da ya rage cikin akwati, ban sake jin an tashi a gonar ba. Washegari bayan azahar muka binne shi. Mutanenmu na Manfuha, direbobi da magina waɗanda ya sha taimaka wa da takardun kafil, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo, suka cika sahu uku. Kaburburan can ba a rubuta suna, yau ko an kai ni ba zan iya nuna nasa ba. Iƙamar Yaya Rabi a kan tasa take, don haka a Funtuwa ta ƙarasa takaba. Ni na kai su filin jirgi, ita da yaran.

Na sha auna maganar da agogo. Sallamata da ban-haƙurina sakan shida ne, amsarsa biyu. Na taɓa tambayar wani tsohon matuƙin jirgi, ba tare da na ce ni ne ba, ko sakan takwas sun isa mutum ya kauce. Ya ce wani lokaci sun isa har da saura, wani lokaci ba su isa ba. Ban musa ajali ba, ni Musulmi ne, na san ranar Yaya ba za ta wuce ranar ba. Amma an ba ni amanar kalma ɗaya, an koya mini ita, an sa na maimaita a mota, ranar da aka buƙace ta kuma sai na sa wasu goma sha a gabanta. Sanin ƙaddara bai taɓa sauke mini wannan ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Jikata ta nuna mini a waya cewa irin jiragen nan yanzu suna ɗauke da 'yar na'ura mai yin ƙara in wani ya kusanto, har ta nuna ta inda yake tahowa. Na san zai so ta, kuma na san tsokanar da zai yi mini, zai ce ga abin da ba shi da yaya balle ya ji nauyinsa. Amma na san zai ɓata rai in ya ga yadda matuƙan suke dukufa a kan allo, kai a sunkuye, shi da ya ƙi bakin hula don kada ya rasa kallon sama. Zai tambaya wa ke duba waje, da kuma abin da zai faru ranar da wanda ke tahowa bai ɗauki na'urar ba. Sararin ma ya ƙara cika, kowane mai ɗaukar hoton biki yana da ɗan jirginsa da yake saki sama.

Sai dai ba jiragen ne ke hana ni sukuni ba, don mu nan ba mu da su. Abin da ke tsorata ni shi ne na ga sallamar nan tawa a wurare da yawa bayan na dawo gida. Na gan ta a ɗakin tiyata, ƙaramin likita ya ga babba ya ɗauki kwalbar da ba ita ba, ya fara da "Ranka ya daɗe, ban sani ba ko ni ne ban gane ba". Na gan ta a gaban mota a hanyar Zariya, ɗa yana kallon tirela tana tahowa mahaifinsa na shirin wuce wata motar, yana ta gyaran murya. Shekarun da na yi ina koyarwa, duk sabon rukuni sai na ce musu in suka ga zan yi kuskure su daka mini tsawa, gaisuwa ta jira. Sukan yi dariya, irin dariyar da na yi a mota. Mutum ɗaya ce ta taɓa yi, wata ma'aikaciyar jinya, kuma ta ceci majiyyacin. Da aka fito ta zo ta durƙusa tana ba ni haƙuri, shugabarsu kuma ta kira ta ofis ta yi mata faɗan rashin kunya. Ban ga alamar abin ya ragu ba. Yau ma, a wani wuri, akwai wanda ya ga abu yana tahowa yana neman yadda zai fara magana.

Ba ina zagin ladabi ba ne. Shi ya raine ni, shi ya sa gidan Yaya bai watse ba bayansa, 'yan matansa suka tashi a hannuna suna ba ni girman da na ba shi. Abin da ya rage mini na Yaya Habibu bai fi wannan ba: mutum ne da ya gane, tun kafin mu gane, cewa girman da ake ba shi zai iya zama makantarsa, ya kuma roƙi a ajiye masa shi na ɗan lokaci. Ban san manya da yawa da suka taɓa yin wannan roƙon ba. Nasa kuskuren shi ne ya zaci faɗa sau ɗaya ya isa ya kwance abin da aka shekara ashirin da biyar ana ɗaurawa.

Yaya Rabi ba ta sake aure ba. Shekara talatin da takwas ina zuwa gaishe ta, tana tsokanata, ina ramawa, ba mu taɓa taɓo ranar ba. Bana ciwon ƙafa ya kwantar da ita, ni ma na ga shekaruna, sai na ce ba zan bari ɗayanmu ya tafi da wannan a rufe ba. Na same ta a ɗakinta bayan la'asar, na zauna a ƙasa, na faɗa mata komai, kalma bayan kalma, har amsar da ya ba ni. Na ce ta yafe mini in za ta iya, in ba za ta iya ba ma na fahimta. Ita ce daga baya ta ce in rubuta, in kuma rubuta har da nata.

Da na gama, ta gyara kwanciya. Sannan ta ce, "Likita, ai na ji. Ƙudaje ne suka dame ni a gindin dabinon, na koma cikin motar yayanka. Ka manta akwai ɗaya rediyon a mota? A kunne yake." Na ce to me ya hana ta faɗa mini duk shekarun nan, tana kallona ina fama? Ta juyar da kai wajen bango.

Ta ce, "Ta gilashin mota ni ma na ga jirgin, Sani. Na san inda ake dannawa, ya taɓa nuna mini. Na ɗauka, yana hannuna. Sai na ji ka fara magana, na ce bari in jira ka gama, kada in katse ka."